Yadda ake zaman farautar dare a bakin gona da na'urar ganin duhu da ƙafa uku

Salamu alaikum jama'a. Tun ran da ƙanena ya ɗauki hoton ƙafa ukun da nake kafawa, wato sanduna uku da nake ɗora bindiga a kai, a gonarmu ta rogo can gefen Yauri ya nuna wa abokansa, ake ta aiko min da tambaya, wai yaya ake haɗa ta, wai wace na'ura nake kallo da ita cikin duhu, to na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Ni dai ba wani babban maharbi ba ne, manomi ne da beguwa da gyado suka hana barci, tun da fitilar goshi na fara har Allah ya kawo mu zamanin na'ura. Abin da zan faɗa zaman jira ne a gonarka ko gonar da aka ba ka izini, ba yawon daji da dare ba, wannan a halin da ake ciki yanzu ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Kafin kaya, takarda tukuna

Na san wasu za su tsallake nan su tafi wurin kaya, don Allah kar ka tsallake. Dokar bindigogi ta 1959 ita ake aiki da ita har yau, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, adaka kuma wadda ake ɗura wa ta baki daga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ita kanta na'urar ganin dare tana cikin kayan da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka in za ka saya ka saya wurin wanda zai ba ka rasit ya nuna maka takardarsa, ba wanda zai miƙo maka a baƙar leda a tasha ba. Ka yi tunanin a tsayar da kai a shingen sojoji a buɗe jaka a ga wannan abu babu takarda, bakinka ba zai fitar da kai ba wallahi. Sannan ka leƙa wurin malaman gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji wace dabba aka hana taɓawa da kuma ko an yarda da harbin dare a yankinku. Dorinar da ke fitowa daga kogin Kwara tana cin shinkafar mutane ba taka ba ce, rahoto ake kaiwa.

Kayan da za ka tanada

Na'urar ganin duhu. Iri uku ne a kasuwa amma wadda talaka zai iya kaiwa gare ta ita ce mai kamara da ɗan allo a ciki, tana da fitilarta ta infirared wadda idon mutum ba ya ganin haskenta amma kamarar na gani, hoton ya fito maka fari da baƙi. In ka duba jikin kwalin za ka ga an rubuta 850 ko 940, lambar irin hasken fitilar ke nan. Mai 850 ta fi kai haske nesa amma in ka kalli bakin fitilar za ka ga ɗan ja-ja kamar garwashi ya kusa mutuwa, mai 940 kusan ba a ganin komai sai dai ba ta kai waccan nisa ba. Ni 850 nake amfani da ita, beguwa ba ruwanta da jan. Iri na biyu mai ganin zafin jiki, ita ba ta buƙatar haske ko kaɗan, duk abu mai rai zai fito maka fari fat ko da yana cikin ciyawa mara kauri, tsadarta ba a magana kuma ga aibinta, tana nuna maka akwai abu amma daga nesa ɗan akuya da gada duk dunƙule ɗaya ne. Iri na uku mai koren hoto ɗin nan da ake gani wurin jami'an tsaro, wannan bar musu kayansu.

Ƙafa uku guda biyu, ɗaya ta na'ura ɗaya ta bindiga. Ta na'ura irin ta masu ɗaukar hoton biki ta isa, yawancin na'urorin suna da ramin kusa a ƙasa daidai da na kamara, inci ɗaya bisa huɗu, ka murɗa kawai ta zauna. Ta bindiga da hannunka za ka yi, zan yi bayani.

Batir na ajiya, in tana cin 18650, wato dogon batirin nan mai caji, ka riƙe biyu cike da caji, in kuma ta ciki ce ka ɗauki fawa bank da gajeren waya. Tocila mai ƙarfi mai farin haske, da wata ƙarama da ka rufe bakinta da jar leda don laluben kaya. Gora uku ko sanduna miƙaƙƙu, robar tub ɗin mashin da aka yanka dogo-dogo, igiya, tsumma, ƙaramin buhu da za a zuba yashi, toka a ƙullin leda, farin ƙyalle, kujera 'yar tsugunno ko buhun ƙaiƙayi, wuƙa mai kaifi, takalmin ruwa mai dogon wuya. Kububuwa da kasa su ma da dare suke fitowa nasu kiwon, silifas ba takalmin wannan aiki ba ne.

1. Haɗa ƙafa ukun bindiga

Ka fara yanke shawara a zaune za ka yi harbi ko a tsaye. Ni ina ba sabon shiga shawarar zama, mai zama ya fi natsuwa kuma ba ya gajiya, awa uku a tsaye gwiwa za ta fara kaɗawa. Na zama sandunan su kai kamar mita ɗaya da ɗan ɗori, na tsayuwa su kai tsawonka. Kaurin kamar babban yatsan ƙafa ko fiye kaɗan, busassu, ɗanyar sanda lanƙwashewa take yi. Ka jera su uku a ƙasa ka auno kamar taƙi ɗaya daga sama ka naɗa roba zagaye shida ko bakwai, kar ka matse ta kamar mai ɗaure kayan kasuwa, so ake in ka buɗe ƙafafun su buɗu su yi ƙahoni a sama inda bindiga za ta kwanta. Amfanin roba a kan ƙusa shi ne kana iya turo ta sama ko ƙasa ka gyara tsayi, kuma ba ta ƙara. Ƙahonin ka naɗe su da tsumma ko ragowar robar saboda katako kan katako yana yin ƙwas, kuma cikin dare ƙaramin ƙwas ɗin nan kamar an buga gwangwani ne a kunnen dabba.

Daga tsakiyar ƙafafun ka zagaya igiya ta haɗa ukun yadda ba za su baje ba. Wannan igiyar sai da na sha wuya na koye ta, wata rana a ƙasa mai santsi ƙafa ɗaya ta zame bakin bindiga ya caki laka, Allah ya taimake ni na lura, don harbi da laka a bakin bindiga yana iya fasa ta a hannunka. In babu gora, ƙarfen tsohuwar laima babba ko sandunan dalbejiya duk suna yi. In ma babu lokaci sanduna biyu da aka gicciya sun fi babu, ka jingina bayanka da itace.

2. Ka san na'urarka a gida

Kar ranar da ka saya ta zama ranar da za ka tafi gona. Ka zauna tsakar gida bayan isha'i a kashe fitilu ka yi ta latsawa har yatsanka ya haddace maɓallan ba tare da ka duba ba. Fokus biyu gare ta mutane da yawa ba su sani ba, na wajen ido shi za ka fara murɗawa har rubutun cikin allon ya fito tas, wannan sau ɗaya ake yi a bar shi, sai na gaba wanda ake murɗawa gwargwadon nisan abin da kake kallo. Ka rage hasken allon zuwa ƙasa sosai. Idon mutum yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, allo mai haske kuma cikin daƙiƙa zai rushe maka wannan, shi ya sa nake kallo da idon hagu in bar na dama don bindiga. Zum kuma kar ya ruɗe ka, yawanci hoton kawai yake kumburawa ya dagule, ba ƙarin gani ba ne.

Ka kalli akuyoyin gida da ita, ka kalli kare, ka kalli kyanwa, ka sa yaro ya tsuguna can ƙarshen gida ka ga yadda mutum a tsugune yake fitowa. Wannan na ƙarshen ka maimaita shi har ya zauna maka a kai.

3. Zagayen rana

Rabin aikin nan da rana ake yinsa, ni a wurina ma ya fi rabi. Ka je da hantsi ka bi gefen gona ka nemo inda ake shigowa. Beguwa tana barin ƙayarta da ramin da ta tone rogo, kuma hanya ɗaya take bi kullum kamar an yi mata titi. Gyado zai bar maka tonon hanci da sawun kofato, gyazbi kuma yankan kara a karkace kamar da wuƙa. In ka gane mashigar sai ka zaɓi wurin zama taki 25 zuwa 30 daga nan, ba fiye ba in da bindiga mai harsashin da ke warwatsuwa kake, bayan wannan nisan raunata dabba kawai za ka yi ta tafi ta mutu a wahale.

Yanzu ka tsaya a wurin zaman ka dubi bayan mashigar, me ke can? In hanya ce, ko bukkar wani, ko rugar Fulani, ko gari ko da yana da nisa, ka canza wuri. So ake bayan ya zama tudu ko suri ko gaɓar rafi, abin da zai tare harsashi. Kar ka saita wajen ruwa, harsashi yana tsalle a kan ruwa kamar yadda yara ke jifa da tsakuwa, ga masunta suna kwana cikin jirgi. Ka kafa turaku biyu da farin ƙyalle, ɗaya dama ɗaya hagu, ka yi wa kanka alkawari duk abin da ya fita tsakanin turakun nan ba naka ba ne ko da kuwa gada ce mai ƙiba. Ka ƙara wani ƙyallen a taki 20 da taki 30, saboda a cikin allo nisa ƙarya yake yi, abu na taki 50 sai ka rantse yana gabanka.

Ka share ciyawa da rassan da ke gaban wurin zaman. Ganye ɗaya in yana kusa da na'ura zai sha hasken infirared ya yi fari fat, duk abin da ke bayansa ya koma baƙi ƙirin.

4. Iska da wata

Ka ɗebi toka ka saki ka ga inda ta nufa, dole ta taso daga wajen dabba zuwa wajenka. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, don haka wurin zaman kaka ba lallai ya yi maka a bazara ba, ni wuri biyu nake gyarawa. Ranar zama ban da turare, ban da sabulu mai ƙamshi, ban da sigari, maganin sauro na hayaƙi ma bar shi gida ka sa riga mai dogon hannu da safa ka yi haƙuri.

Daren sha uku zuwa sha biyar ga wata na'ura tana gani da kyau ko ka rage fitilarta, amma kai ma ana ganinka, sai ka zauna cikin inuwar itace wata yana bayanka. Ranar da hazo ya sauka sosai ka yi kwanciyarka, ƙura tana mayar da hasken cikin kamara ka ga kamar ana zuba gari, haka ma raɓar asuba a fadama.

5. Sanar da mutane

Kafin la'asar mai unguwa ya sani, shugaban 'yan banga ya sani, maƙwabtan gona su sani musamman masu ban ruwa da dare, in akwai Sarkin Baka a garinku shi ma ka gaya masa, in akwai ruga kusa ka je da kanka ka ce yau kar a bar shanu su gangaro gefen kaza. In an sa dokar hana fita ko jami'an tsaro suna aiki a yankin, magana ta ƙare, rogo ba zai sa a ɗauke ka ɗan ta'adda ba. 'Yan uwanmu na wajen Danko-Wasagu da Sakaba da masu iyaka da Zamfara sun fi ni sanin abin da nake nufi. Kuma ku tafi ku biyu, bindiga ɗaya, na biyun aikinsa na'ura da tocila, kuma ba ya tashi daga gefenka sai ya faɗa maka.

6. Kafa kaya

Ku isa da sauran haske, kafin magariba. Ƙafa ukun bindiga ƙafa ɗaya ta kalli gaba biyu su dawo gefenka kai kana tsakani, ka danna kowace cikin ƙasa. In laka ce ka sa murfin gwangwani ko guntun katako a ƙarƙashi. Ka zauna yadda za ka zauna ɗin, ka ɗora bindiga babu harsashi ka gani, in sai ka ɗaga wuya ko ka dunƙule kafin ka saita to tsayin bai yi ba, gyara robar. Katakon ƙarƙashin bindiga shi ke kwanciya a ƙahonin, ba ƙarfen ba, gindin kuma a kafaɗarka hannun hagu ya riƙe mahaɗar. Ka juya daga turken dama zuwa na hagu ka tabbatar ba abin da ke tare ka.

Ta na'ura ka kafa ta gefen da abokinka yake, kar ka zaro siraran ƙafafun ƙasa in ba dole, su ke kawo rawa, ka rataya buhun yashi a tsakiya. Ka saita ta kan mashigar ka ɗaure ta bar ɗan sassauci na juyawa.

Akwai masu ɗaura na'urar a kan bindiga. In irin wadda aka yi don haka ce to sai ka gwada ta da rana a kwali a nisan da za ka yi harbi har inda ta nuna da inda harsashi ya faɗa su zo ɗaya. Amma ta hannu da aka ɗaure da roba ko salatif, harbi biyu za ta mutu, kuma ba ma wannan ya fi damuna ba. Duk wanda na'urarsa ke kan bindiga, in zai duba motsi sai ya nuna wa motsin bakin bindiga, to in motsin ɗan maƙwabcinka ne fa da ya zo duba injin ruwa? Shi ya sa na raba su, ido daban bindiga daban.

7. Zaman jira

Harsashi ba ya shiga sai kun zauna kun natsu, kuma yatsa nesa da kunama. Bindiga mai harsashi ba a barinta a kan ƙafa uku a saki hannu, a kan cinya take bakinta na kallon tudun nan. Waya a kashe ƙara a kife ta. Ba a kunna na'ura a bar ta, batir zai ƙare kafin sha ɗaya, kunne ne ke aiki, in kun ji ƙaras-ƙaras ko ƙarar ƙayar beguwa sai a kunna a duba, in shiru ne duk bayan minti biyar ko goma a leƙa sau ɗaya. Fitilar infirared ka fara da ƙaramin mataki, ita ce mai shan batir.

8. In abu ya fito

Abin da za ka fara gani idanu ne guda biyu suna ƙyalli, kuma a nan ne mutane ke jawo wa kansu abin da ba ya gyaruwa. Idon zomo na ƙyalli, na gada na ƙyalli, haka na ɗan maraƙi da tunkiya da karen maƙwabci, kuma a cikin na'ura idon mutum ma yana iya ƙyalli. Gyado kuwa da ake nema nasa idon bai cika ƙyalli ba, dangin alade ba su da wannan madubin na cikin ido. Ba a harbin ido. Sai ka ga kai, ka ga ƙafa huɗu, ka ga tafiyar, abokinka ma ya gani ya raɗa maka sunan dabbar kai ma ka faɗa, in bakinku bai zo ɗaya ba an fasa.

Ni da kaina na taɓa zama minti kusan goma ina kallon wani dunƙule a bakin kunya, na gama yarda gyado ne har na ɗora bindiga, sai dunƙulen ya miƙe tsaye ya gyara hula. Wani bawan Allah ne ya biyo ta gonar ya tsuguna, bai san da mu ba, har yau bai san abin da ya kusa faruwa ba. Ranar ban iya cin tuwo ba.

In an tabbatar, kuma dabbar tana tsakanin turaku cikin ƙyallen taki 30, ka ɗora bindiga a hankali ka jira ta ba ka gefe, abokinka ya haska farar tocila, yawanci za ta ɗan tsaya cak, wannan tsayawar ita ce ganinka na ƙarshe da idonka ba ta allo ba. Ka yi bismilla, ka saita bayan kafaɗa, ka matsa kunama a hankali kar ka fizga. In ta zabura da gudu ƙyale ta, gobe ma tana nan tafe.

9. Bayan harbi

Kar ka tashi da gudu. Ku duba da na'ura tukuna, ku ba shi kamar minti goma, sannan ka cire harsashi ko ka karya bindigar, wato ka buɗe ta, ku tafi tare da farar tocila a kunne. Zomo ko beguwa in ka same ta da sauran rai ka yanka, beguwa ta wajen kai ake zuwa mata don da baya take kai hari. Gyado mai rauni ba a binsa cikin ciyawa da dare ko waye kai, haƙoransa na farke cinya, ka sa alama inda jini ya tsaya a dawo da safe. Mu ba ma ci, akwai maƙwabta da ke ci sai a aika musu su zo su ɗauka, in babu a binne shi nesa da ruwa. Ka kira shugaban 'yan banga ka ce ƙarar da aka ji taka ce, kar gari ya tashi tsaye a banza.

In kun dawo gida ka zare batir daga na'ura, ka hure ƙurar gilashin kafin ka goge da tsumma mai laushi, in ka goge da ƙurar a kai karce shi za ka yi. Gorar kuma a jingine ta a ɗaki inda rana ba ta dukan robar, in ta fara tsattsagewa ka canza ta, tub ɗaya na mai faci zai yi maka shekara.